Jan Saiwa da Shuɗin Baba: Yadda Shirin DOBAG Ya Maido da Rinin Tsiro Masaƙun Darduma na Ayvacık

Ayvacık ƙaramar gunduma ce a lardin Çanakkale, can arewa maso yammacin Turkiyya, ƙasar duwatsu da zaitun da tumaki, kusa da kufan tsohon birnin Assos. Yawancin masu saƙa a ƙauyukanta 'yan Yörük ne, makiyayan da suka ajiye yawo suka zauna wuri ɗaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 dardumarsu ta faɗi warwas a kasuwa, alhali matan ba su manta saƙa ba. Yarinya na tashi a gindin masaƙar uwarta, zanen yana kanta ba a takarda ba, hannu kuma bai mutu ba. Launi ne ya lalace. Ja mai kashe ido, ruwan goro kamar na alawa, shunayya da rana ke mayarwa ruwan toka cikin 'yan shekaru. Ranar da aka fara wanke dardumar sai jan ya zuba ya shige fari, aikin wata biyu ya tashi a banza. Wannan ɓarna ce DOBAG, shirin maido da rinin tsiro, ya zo gyarawa.

Inda ɓarnar ta faro

Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, ta shekara ɗaruruwa tana rini da tsiro. Dardumomin zamanin daular Turkawa ta Saljukawa na ƙarni na 13, waɗanda aka gano a Masallacin Alaeddin na Konya a 1905, suna nan ajiye a gidan tarihin fasahar Turkawa da Musulunci da ke Istanbul, jansu da shuɗinsu ba su gushe ba. Jan rinin ƙasar daga saiwar wani tsiro mai yaɗo yake fitowa, wanda Turkawa ke kira kök boya, wato rinin saiwa. Har tsakiyar ƙarni na 19 ana lodin wannan saiwa a tashar jiragen ruwa ta Izmir zuwa masana'antun Ingila, manoman yankin Manisa suna cin abinci da ita.

A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa rinin shunayya daga baƙin man da ake tatsa a jikin kwal. A 1868 Jamusawa biyu, Graebe da Liebermann, suka haɗa alizarin, ainihin sinadarin da ke ba saiwar janta, ba tare da an shuka ko tushe ɗaya ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta. Farashin saiwa ya karye, manoma suka tuge ta suka shuka wani abu, garin rini na gwangwani kuma ya bi 'yan koli har ƙauyen da ke ƙarshen hanya.

A yi adalci, ba kowane rinin kanti ne mugu ba. Wanda manyan masana'antu ke aiki da shi, da ma'auni da ma'aikatan da suka san kan abin, yana kamawa ƙam. Ƙauye kuwa mafi araha ne ke isa gare shi. A zuba a tukunya da ka, ba awo, ba a dafa shi ya nuna ba, ba a ɗauraye da kyau ba. Rinin da bai shiga gashi ba yana zaune ne a bayan zare yana jiran ruwa. Da yake sanin rinin tsiro a baki yake, daga uwa zuwa 'ya ko daga marini zuwa yaronsa, tsara biyu zuwa uku sun isa su shafe shi. Ita saiwar ba ta je ko'ina ba. Ta ci gaba da fitowa a gefen gonaki da bakin rafi, jikokin waɗanda suka yi arziki da ita suna nome ta a matsayin ciyawa.

Zare ma ya samu nasa rabon. Don a rage kuɗi, masu kaɗin inji kan cakuɗa gashin majema, wanda ake tsigewa daga fatar tunkiyar da aka yanka bayan an jiƙa ta a farar ƙasa mai ci. Irin wannan gashi ba maiƙo, ba sheƙi, yana karyewa, kuma ba ya shan rini daidai. A ƙarshe dillalai suka ƙara nasu: su wanke darduma da sinadarin bilic don launin ya kwanta ta yi kama da tsohuwa. Wankin yana kashe ƙarfin launi, amma tare da ƙarfin gashin yake tafiya.

Malamin da ya tambayi zare

Harald Böhmer Bajamushe ne, masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya zo Istanbul a 1960 don koyarwa a makarantar Jamusawa da ke birnin. Tambayar da ta dame shi mai sauƙi ce: me ya sa tsohuwar darduma ke da daɗin kallo, sabuwa kuma ke sa ido ciwo, alhali zanen ɗaya ne? Bai tsaya ga labarin dillalai ba. Yakan ciro 'yan silin gashi daga tsohuwar darduma, ya dafa su a ɗan ruwa mai tsami har launin ya fita, ya ɗiga a gindin wani faranti mai shafe da farin gari, sannan ya tsayar da farantin cikin wani ruwan da ke hawa a hankali kamar kananzir a lagwani. Kowane sinadari da iya nisan da yake tafiya, don haka launi ɗaya sai ya rabu ɗigo-ɗigo. Idan aka yi wa tsiron da aka sani haka, aka jera faranti biyun, za a ga ko su ne.

Nan amsar tambayarsa ta fito. Jan saiwa ba sinadari ɗaya ba ne. Akwai alizarin, akwai purpurin, akwai wasu 'yan'uwansu, wani ya karkata wajen rawaya, wani wajen shuɗi. Saboda haka jan yana ɗauke da ɗan abin maƙwabtansa, yana zama lafiya kusa da shuɗi da rawaya. Rinin gwangwani sinadari ɗaya ne tak, shi ya sa yake tsayawa shi kaɗai yana faɗa da na gefensa.

Sanin tsiro rabin aiki ne. Saura a san nawa za a zuba, a wane zafi, na tsawon wane lokaci, kuma a tsara shi yadda mace za ta iya yi a tsakar gidanta da tukunya da itace. A 1981 aka kafa shirin tare da makarantar fasaha da ta shiga cikin Jami'ar Marmara ta Istanbul. Sunansa DOBAG, taƙaicen Doğal Boya Araştırma ve Geliştirme Projesi, shirin bincike da bunƙasa rinin tsiro. Aka fara da ƙungiyar gama-kai a Ayvacık, sannan ta biyu a tsaunukan Yuntdağ na lardin Manisa, wadda mata ne suka riƙa tafiyar da ita.

Abin da ke shiga tukunya

Komai daga gashi yake farawa. Wanda ya fi shi ne na askin bayan hunturu, wajen Mayu zuwa Yuni, daga gadon baya da kafaɗun tunkiya mai rai, domin ya fi tsawo da sheƙi. Ana ware na ciki da na ƙafafu, a wanke sauran da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Kashi ɗaya cikin uku na nauyin, ko fiye, datti ne da maiƙo da ke bin ruwa, don haka duk awon da ke tafe da busasshen gashi wankakke ake yin sa. Idan maiƙo ya rage da yawa rini zai yi dabbare-dabbare. Idan kuma aka cuɗa gashin da ƙarfi, ko aka fitar da shi daga ruwan zafi aka tsoma a na sanyi, zai cure ya dunƙule, ba mai iya kaɗa shi. Bayan ya bushe a taje shi, a kaɗa da mazarin katako mai hannuwa gicciye da suke kira kirman. Ana kaɗa sili ɗaya ta wannan hannu, a haɗa biyu a murɗe ta ɗaya hannun, murɗin ya kashe juna, zaren ya daina nannaɗewa. Shirin ya dage kan kaɗin hannu ne don dalili: kaurinsa da murɗinsa ba daidai suke ko'ina ba, inda ya matse ya sha rini kaɗan, inda ya saki ya sha da yawa, shi ke sa filin launi ɗaya ya riƙa motsi a ido.

Yawancin rinin tsiro ba ya kama gashi shi kaɗai, sai an sa abin da zai ƙulla tsakaninsu. Abin nan shi ne alam, wanda ake jefawa a ruwan randa ya kwanta, Turkawa na ce masa şap. Kilo ɗaya na zare yana cin giram 200 zuwa 250, a narke cikin ruwa lita 25 zuwa 30. A jiƙa zaren tukuna, a sa shi tun ruwan na ɗumi-ɗumi, a riƙa ƙara wuta a hankali har ya kusa tafasa, a riƙe shi haka awa ɗaya, a bar shi ya kwana a ciki. Ƙarancin alam na ba da launi marar jini mai saurin koɗewa. Yawansa kuma na sa zare ya yi kaushi da danƙo a hannu. Tukunyar ma a kula da ita: ta ƙarfe mai tsatsa tana duhunta kowane launi, shi ya sa ake amfani da ta tagulla mai shafe da kuza.

Jan shi ne uban tafiyar. Saiwar ba ta cika sai ta shekara uku a ƙasa. Ana haƙo ta da kaka, mai kaurin fensir, idan aka karya ta a ga cikinta ruwan goro zuwa ja. A shanya a inuwa, a daka. Don ja mai zurfi, kilo na garin saiwa ga kilo na zare, rabin haka kuma ya ba da mai haske. A jiƙa garin ya kwana, a sa zaren da ya sha alam, a ɗaga zafi sannu a hankali zuwa digiri 60 ko 70, a tsaya nan awa ɗaya ko fiye. Wannan shi ne wurin da sabon hannu ke faɗuwa. Mai ganin tafasa ita ce nuna sai ta ƙara itace, alhali da zarar ruwan ya tafasa wasu sinadarai masu ruwan ƙasa da ke cikin saiwar suna fitowa, jan ya koma kalar jan bulo, kuma ba ya dawowa. Inda babu ma'aunin zafi, alamar ita ce tururi na tashi amma ruwan bai fara ƙwalƙwala ba. Ruwa mai alli, irin wanda ke barin farin dafi a gindin buta, shi jan ke so. Idan ruwan wurin mai laushi ne sai a ƙara ɗan garin alli. Ɗauraya ta ƙarshe da ruwan toka tana ƙara masa zurfi. Kada a zubar da ragowar ruwan tukunyar: zubi na biyu yana ba da ruwan hoda mai kyau.

Daga wannan saiwa ɗaya ake samun shunayya mai kalar gauta baƙi, launin da ke cikin tsofaffin dardumomin Anatoliya wanda hanyarsa ta ɓace gaba ɗaya. Sirrinsa a maye gurbin alam da gishirin ƙarfe, kuma a rina ba da wuta mai ƙarfi ba. Gishirin ƙarfe kaɗan ake sawa, giram 20 zuwa 30 a kilo sun wadatar, domin ƙarfe maƙiyin gashi ne.

Rawaya ita ce mai rauni a gidan. Ana samunta daga furen papatya, mai fararen kunnuwa da rawayar cibiya, daga tsiron muhabbet çiçeği, da kuma sütleğen mai farin ƙaro, ɗan'uwan aguwa da tinya. Busasshen tsiro kilo ɗaya zuwa biyu ga kilon zare, a dafa a tace, sannan a sa zare mai alam. A cikinsu muhabbet çiçeği ya fi jure rana. Gangamau na ba da rawaya mai ɗaukar ido cikin minti kaɗan, amma ba ya daɗewa, bai cancanci darduma ba. Raunin rawaya ne ya sa koren tsofaffin dardumomi da yawa ya karkata zuwa shuɗi: rawayar ta tafi, shunin ya zauna.

Shuɗi kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san halinsa. Shuni ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma bukatar alam. Sai an raba shi da iska a cikin ruwa mai kaifi irin na toka kafin ya narke, ya shiga zare, sannan idan aka fito da shi iska ta mayar da shi shuɗi a cikin gashin. Bambancin shi ne marinan Kano auduga suke rinawa, ita kuwa tana jure kaifin toka. Gashin tunkiya ba ya jurewa, ruwa mai kaifi sosai yana cinye shi ya bar shi kamar tsumma. Don haka baban gashi mai sauƙin kaifi ake haɗawa, a riƙe shi wajen digiri 50. A da, da tsohon fitsari da dusa ake ruɓar da shi kwanaki. Yanzu akwai garin haidurosalfait da ke yin aikin cikin ƙasa da awa ɗaya. Baban da ya nuna, ruwansa a ƙasa rawaya-kore ne, samansa da yana mai ƙyallin tagulla. Idan ruwan shuɗi ne bai nuna ba, ko kuma an kaɗa masa iska ya mutu. A tsoma zare a hankali minti goma zuwa sha biyar, a matse shi a ƙarƙashin ruwa kada ya ɗiga, a shanya shi ya sha iska kamar haka, ana kallo yana juyawa daga kore zuwa shuɗi. Mai son baƙin shuɗi sai ta maimaita sau huɗu, sau biyar. Gajeriyar hanya, wato baba mai kauri da tsomi ɗaya, tana tara shuni a bayan zare, ya riƙa bin ƙafa da tufafi. Kore kuma rini biyu ne, shuɗi tukuna, sannan alam da rawaya. Ruwan goro haka, saiwa da rawaya.

Baƙi yana zuwa da sharaɗi. Ana dafa mazı, ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen meşe (wanda Turawa ke kira oak) inda wani ƙwaro ya yi ƙwai, ko kwanson 'ya'yan itacen da ake kira palamut, wanda ya yawaita a yankin Ayvacık. Dukansu suna da sinadarin jima irin na bagaruwa, kuma idan ya haɗu da ƙarfe sai ya yi baƙi, kamar yadda dukawa ke yi da kuloko a kan fata. Illar ita ce ƙarfen yana cin gashin a hankali. A tsohuwar darduma za ka shafa ka ji layin baƙi ya lotsa, ja da shuɗi sun tsaya a sama. Saboda haka baƙi na zagaye zane ne da siririn layi, ba na cika fili ba. Ruwan ƙasa ya fi sauƙi, ɗanyen ɓawon ceviz, 'ya'yan itacen da Turawa ke kira walnut, ya isa ba tare da alam ba.

Abu na ƙarshe a tukunya: a rina abin da zai isa darduma gaba ɗaya a zubi ɗaya. Tukunya biyu ba sa taɓa fitowa daidai. Idan zare ya ƙare a tsakiya aka rina wani, sai a ga layi ya ratsa filin inda launin ya sauya. Sunansa abraş. Kaɗan daga cikinsa ado ne, kuma shaida ce ta aikin hannu. Idan ya yi tsalle daga ja mai duhu zuwa ruwan hoda, aibi ne.

A kan masaƙa

Masaƙar tsaye ce, gungume sama gungume ƙasa. Wadari shi ne ranar da ake yanke wa darduma hukunci, domin zaren tsaye, çözgü, dole ya ɗaure daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ya saki, dardumar za ta yi ciki bayan an sauke ta, ba kuma dutsen guga da zai gyara. Ana fara da 'yan santimita na saƙa marar gashi don ta riƙe gindi, sannan ƙulli.

Ƙullin Turkawa ana kiransa da sunan garin Gördes na lardin Manisa. Zaren launi yana hawa kan zaren tsaye biyu, ya zagaye kowanne, bakinsa biyu su fito ta tsakiyarsu, a ja ƙasa, a yanke da wuƙa. Da yake ya rungumi zare biyu daidai wa daida, ja ba ya kwance shi sai dai ya ƙara ɗaure shi. Idan layi ya cika a ratsa zaren kwance, atkı, sau biyu ko fiye, wanda a wannan yanki bisa al'ada ja ne. A buga da kirkit, matsefin ƙarfe ko katako mai nauyi, sannan a daidaita gashin da almakashi. Jan da ake yi wa ƙulli ƙasa shi ke sa gashin ya kwanta wajen inda aka fara, don haka darduma ɗaya tana da duhu daga wannan ƙarshe, da haske daga wancan.

Aibobin saƙa sanannu ne, kowanne da sanadinsa. Idan aka ja zaren kwance da ƙarfi dardumar na tsukewa tana hawa, dole a sa shi da ɗan lanƙwasa kafin a buga. Idan mata biyu suna masaƙa ɗaya, ɗaya mai nauyin hannu ɗaya mai sauƙi, layi zai karkace, maganinsa su riƙa musayar wuri. Gefen da aka naɗe da matsi fiye da kima yana nannaɗewa ƙasa. Wadda ba ta lissafa tsawon wadarinta ba kuma za ta tarar zare ya kusa ƙarewa zane bai ƙare ba, sai ta matse na sama.

Kilim, shimfiɗar da ba ta da gashi, ba ƙulli a cikinta. Zaren kwance mai launi ne ke kai da komo a iya filinsa har ya rufe zaren tsaye ruf. Inda launi biyu suka yi iyaka a tsaye, kowanne yana juyawa a nasa zaren, sai a bar tsaga tsakani. Tsagar da ta wuce kamar santimita ɗaya rami ce da yatsan ƙafa zai shiga, shi ya sa zanen kilim ya cika da matakala da layin karkace. Ko elibelinde, siffar mace riƙe da ƙugu, da koçboynuzu, ƙahon rago, wannan larura ce ta ba su kusurwoyinsu. Babban kilim na masaƙa ƙarama rabi biyu ake saƙa shi a ɗinke, kuma a nan ake gane gwana: zanen rabin biyu ya haɗu baki da baki.

Dokoki da kuɗi

Inda DOBAG ya bambanta da sauran shirye-shiryen raya sana'a shi ne bai tsaya ga koyarwa ba. Ya sa doka: gashi kaɗin hannu, rinin tsiro, zanen yankin, ba wankin sinadari sai ruwa da sabulu. A tsarin da aka kafa, mace na saƙa a gidanta, a lokacin da aikin gona da na gida suka bari. Dardumar da ta cika sharaɗi ana ba ta lamba a rajista da tambarin fata mai shaidar jami'a, masaƙiya kuma tana saƙa haruffan sunanta da alamar ƙauyenta a jiki. Kayan ana fitar da su waje ne ta hannun zaɓaɓɓun dillalai, ribar ƙungiya kuma ta koma ga membobi.

Ladan saƙa da yawan ƙulli ake biya, ba da faɗi ba, kuma wannan shawara ce mai hikima. Mai biya da faɗi yana koya wa masaƙiya ha'inci da kansa: ta sa zare mai kauri, ta ƙara zaren kwance tsakanin layuka, ta gama da wuri. Ƙidayar ba wuya. A juya bayan darduma, a aza ma'auni, a ƙirga ƙulli a santimita 10 a kwance da 10 a tsaye, a ninka. A ɗauki misali: 30 sau 33 ya ba da kusan 1,000, wato 100,000 a murabba'in mita. Darduma mai santimita 120 da 180 ta kai murabba'in mita 2.16, ƙulli 216,000 ke nan. Idan aka ƙaddara mace na ƙulla 5,000 a yini, kwana 43 za ta yi a zaune, ban da wanki da kaɗi da rini da wadari. Ta siliki irin ta garin Hereke, mai ƙulli 10 sau 10 a santimita ɗaya, miliyan guda ce a murabba'in mita, amma wannan wata sana'a ce daban, ta gidajen saƙa da zanen takarda, kuma kuskure ne a auna dardumar ƙauye da ita.

Abin da ya kama da abin da ya gagara

Ta fuskar launi shirin ya ci nasara fiye da yadda aka zata. Da farko masu tara tsofaffin darduma sun yi ƙorafin cewa launukan sun cika haske, sun manta cewa abin da suka saba gani ya shekara ɗari yana shan rana da tafin ƙafa. Cikin shekaru kaɗan 'yan kasuwa suka ga akwai masu biya, rinin tsiro ya koma wasu sassan Turkiyya, ya shiga Iran, ya kai ga masaƙan Afganistan da Pakistan da Indiya. Matan ƙauyukan kuma suka sami kuɗin da ke shiga hannunsu kai tsaye da sunansu.

Wannan nasara ita ta jawo matsalar farko. Da zarar hanyar ta bazu, ƙasashen da ladan aiki ya fi araha suka fito da kaya masu rinin tsiro a farashin da Ayvacık ba za ta iya ba. Kalmar kök boya kuma ta zama ta bakin kowane dillali, har a kan kayan da ba su taɓa ganin saiwa ba. Ta biyu ta fi zurfi. Lissafin kwana 43 ɗin nan ba ya sauyawa, alhali rayuwar ƙauye ta sauya. Turkiyya ta mayar da karatun dole shekara takwas a 1997, sannan sha biyu a 2012, abin alheri ne ga 'yan mata, amma shekarun da ake koyon ƙulli a gindin uwa su ne yanzu ake yi a aji. Wadda ta gama makaranta tana da zaɓin aikin albashi a Çanakkale ko Izmir ko Manisa, mai inshora da fansho, ba ciwon baya ba ciwon yatsu. Ba wanda zai ga laifinta. Rini an iya dawo da shi da faranti da ma'auni, amma hannun da zai ƙulla sai ladan ya kai.

A gefe guda ga birnin Gaziantep na Turkiyya, cibiyar kafet ɗin inji, inda ake fitar da cikin sa'o'i abin da masaƙiya ke yi a wata biyu. Galibin dardumar sallah mai tambarin Turkiyya da ke kasuwannin Kano da tsarabar alhazai irin wannan ce, ta inji da zaren roba. Ba laifi ba ne, tana aikinta, sai dai kada a biya mata kuɗin ta hannu. A juya bayanta: ta hannu ana ganin zanen sarai ƙulli-ƙulli, layukan ba su miƙe kamar an ja da rula ba, gezarta kuma ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinkawa aka yi ba. A buɗa gashin da yatsa a duba gindi. Idan saman ya koɗe fari-fari gindin na da kaifin launi, ko dai rinin marar kyau ne ko an yi mata wankin sinadari. A goga farin ƙyalle mai laima a kan jan, jan saiwa da aka rina daidai ba ya bin ƙyalle. Waɗannan gwaje-gwaje suna kama mugun rini, amma ba sa tabbatar da cewa na tsiro ne, domin rinin masana'anta mai kyau ma yana tsallake su. Tabbacin sai an ciri 'yan silin gashi daga baya an kai ɗakin gwaji, an ɗiga a faranti.